Mu san sunayen kayan rubutu

Manomi ya san sunan kayan aikinsa: ga hauya, ga sungumi, ga lauje. Maƙeri ya san masaba da zugazugi. Mai rubutu ma yana da nasa kaya. Wanda bai san sunansu ba, ko an nuna masa kuskure ba zai gane inda ake nufi ba.

Daga baƙi zuwa jimla

Wasulan Hausa biyar ne: a, e, i, o, u. Sauran haruffa su ne baƙaƙe. Baƙi da wasali in sun haɗu, sun zama gaɓa. "Ge" gaɓa ce, "ro" gaɓa ce. In an haɗa su, an sami kalma: gero. Kalmomi in sun jeru sun ba da cikakkar ma'ana, jimla ke nan: Gero ya nuna. Jimlolin da ke magana kan abu ɗaya a tara su wuri ɗaya. Wannan shi ne sakin layi.

A kula da baƙaƙe huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƙugiya ba ado ba ce. Baki daban, baƙi daban. Barin gero daban, ɓarin gero daban.

Ba mutum ɗaya ya tsara waɗannan ƙa'idodi ba. A 1966 masana sunka taru a Bamako kan rubutun harsunanmu. Bayan taron, a Nijar ana ninka wasali mai tsawo, a rubuta "gangaa". A 1980 anka sake taro a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya. Daga baya anka bar ninkawa. Amma inda muke sa ƴ, su 'y suke sawa.

Alamomin rubutu

Aya (.) tana rufe jimla. Waƙafi (,) wurin ɗan numfasawa ne. Alamar tambaya (?) tana nuna ana jiran amsa. Alamar motsin rai (!) ta mamaki ce, ko kira, ko tsawa.

Kada a raina su. A ce maigida ya tafi cin rani Abijan. Ya ba direba kuɗi ya kai gida. Sai ya rubuto wa ɗansa yana tambaya: "Kuɗi sun iso?" Amma ya manta alamar tambaya. Ɗan ya karanta: "Kuɗi sun iso." Iyali sai su ɗauka kuɗi na cikin gari, direba ya ɓoye. Alhali direba yana kan hanya. Kun ga ƴar alama ɗaya ta jawo zargi tsakanin mutane.

Sunayen kayan adabi

Adabi shi ne magana ta hikima. Akwai adabin baka, wanda munka gada da ka: gatana, wato tatsuniya, da karin magana, da kirari, da kacici-kacici, da waƙoƙin makaɗa. Akwai kuma rubutaccen adabi. Shi kashi uku ne.

Na farko zube, wato labari a miƙe, kamar yadda ake hira. Misalinsa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duka biyun sun fito a 1934.

Na biyu waƙa. Layi ɗaya nata shi ne ɗango. Ɗangaye in sun taru, baiti ke nan. Sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layi shi ne amsa-amo, malamai na ce masa ƙafiya. Tun kafin boko ana rubuta waƙa da ajami. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta rubuta waƙoƙi da Hausa, da Fulatanci, da Larabci.

Na uku wasan kwaikwayo, inda mutane ke ɗaukar matsayin wasu su nuna halin duniya. Irinsa ne Yazi Dogo da abokansa sunka yi suna da shi a Nijar.

Kowane labari yana da jigo, wato babban saƙonsa. Yana da tauraro, wanda labarin ke bi. Yana da salo, wato hanyar da mai shi ya bi ya isar da saƙo. In ya ce yarinya ta yi shiru kamar ruwan randa, kamantawa ya yi. In ya ce wane zaki ne, siffantawa ya yi.

Aiki gare ku

Kowa ya ɗauki kayensa. Ku rubuta gatana ɗaya da kunka ji wurin kaka. Ku raba ta sakin layi uku. Ku sa aya da waƙafi inda ya dace. A ƙasa ku rubuta jigonta da sunan tauraronta. Sannan ku ba maƙwabci ya karanta da ƙarfi. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake.