Jan bushin ko baƙin roba: gaskiyar magana da zancen tasha

Direban da ke bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ya kuma saki kwalta ya ratsa daji ran kasuwa, ya san kukan ƙafar mota. Ƙwas idan an faɗa rami, ƙiii idan an hau tudu. Sau da yawa masu laifin su ne 'yan robobin nan da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙarƙashin mota, waɗanda makanikan Maraɗi ke kira silambulok, na Katsina kuma bushin. Akwai baƙi na roba, wanda mota ke fitowa da shi daga kamfani. Akwai kuma mai launi, ja ko rawaya ko shuɗi, da ake yi da poliyuretan. A kan wannan na biyun ne zance ya yi yawa a tasha da garaji, wani gaskiya, wani kuwa shaci-faɗi.

Wanda ya fi yawo shi ne wai mai launin ba ya mutuwa, ka sa sau ɗaya ka huta har ka sayar da motar. Maganar tana da tushe. Poliyuretan, wanda Bajamushen nan Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1937, yana jure man inji da giris da iskar da ke tsattsaga roba. Baƙin roba kuwa, idan mai yana ɗiga masa daga injin tsohuwar Hilux, sai ya kumbura ya yi laushi ya ruɓe. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, shi ma yana saurin tsofar da shi. Iyakar gaskiyar ke nan.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne yadda kowannensu ke aiki. Shi na roba an narka shi ne ya manne da bututun ƙarfe na ciki da na waje. Idan ƙafar mota ta yi sama ko ƙasa, robar ce ke murɗewa ta koma, babu abin da ke gogar wani, don haka ba ya neman giris, ƙasa kuma ba ta da ƙofar shiga. Poliyuretan ba ya mannewa. Juyawa yake yi a jikin bututun, sai an shafa masa giris. To ƙasar Agye da Gazawa jigawa ce, ga ƙurar hunturu a kai. Da zarar rairayi ya sami hanya ya cakuɗa da giris, wurin ya zama dutsen niƙa: yana cin bushin ɗin, yana cin bututun, ramin da yake kewayayye ya koma mai tsawo, kukan da aka kashe kuɗi don gudunsa ya dawo da ƙari. Ruwan damina ma yana wanke giris ɗin, musamman ga masu ƙetare Gulbin Kaba ko Gulbin Maraɗi, kuma akwai nau'in poliyuretan da zafi da danshi ke sa ya farfashe. Wanda ya saye shi ya ɗaukar wa kansa aikin kwancewa da wankewa da sake shafawa lokaci-lokaci.

Sai zancen launi, wai ja ya fi kowanne ƙarfi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Launi rini ne kawai. Ana auna taurin waɗannan abubuwa da ma'aunin da ake kira Shore A: robar kamfani galibi tana tsakanin 50 da 70, poliyuretan na mota kuma daga wajen 70 zuwa 95. Kowane kamfani da nasa tsarin. Powerflex na Ingila yana sa rawaya ga mai 70, shunayya ga mai 80, baƙi ga mai 95 na motocin tsere. Energy Suspension na Amurka kuwa ja da baƙinsa taurinsu ɗaya. Ka ga ashe a wani wuri baƙin ne ma ya fi tauri. Kuma mai jabu ba ya rasa jan rini.

Masu ƙananan motoci na son cewa jan bushin yana ƙara gudu, masu ɗaukar kaya kuma su ce yana ƙara ƙarfin lodi. Asalin wannan zance daga fagen tsere ya fito. A kan kwalta mai santsi, idan mota ta shiga kwana da gudu, roba tana lotsawa, taya ta ɗan kauce daga saitinta. Bushin mai tauri yana riƙe ta, sitiyari ya riƙa amsawa nan take. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya san tuƙi zai ji bambancin a hannunsa. Amma injin bai ƙara komai ba. Lodi kuma sifirin da taya da gindin mota ne ke ɗaukarsa, birki ne ke tsayar da shi. Wanda ya ƙara buhunan aya daga Cadawa don ya sa jan bushin, nauyin na nan a kan ƙarafan da ya saba, ya dai rage musu abin da ke sassauta duka.

A ɗaya ɓangaren akwai makanikan da ke rantsuwa cewa poliyuretan yana fasa mota. Sun yi ƙari, amma na fi jin maganarsu a kan ta masu talla. Kamfani bai sa roba mai laushi don rowa ba. Ita ce ke shanye girgiza. Idan aka cire ta, girgizar ba ta ɓacewa, tana wucewa ne zuwa kunnuwan ƙarfe da walda da kujerar fasinja. A hanyar gargada irin ta ƙauyukan Gangara ko Cadakori, dukan ba ya tsayawa, kuma tsohuwar mota ta riga ta gaji. Akwai kuma hannayen ƙafa, wato ƙarafan da ke riƙe taya, da aka tsara su riƙa lanƙwasa ta fuska biyu lokacin da taya ɗaya ke rami ɗaya na tudu. Nan idan bushin ya ƙi ba da kai, ƙarfe ne zai bayar. Duk da haka mutanen Ostareliya, da su ma ke fama da gargada da ƙura, suna amfani da poliyuretan sosai a idon sifirin na baya na Land Cruiser da Hilux, kamar yadda Old Man Emu da SuperPro ke yi, tare da kusoshi masu kan ɗura giris. Wurin sa shi ne abin dubawa.

Ƙorafin da ke kai mutane ga mai launi tun farko shi ne wai robar yanzu duk jabu ce, wata biyu ta yage. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Sai dai sabuwar roba mai kyau ma tana mutuwa da wuri idan aka ɗaure ta ba daidai ba, kuma wannan kuskure ya zama ruwan dare. Mota na kan jak, ƙafa na reto, yaron garaji ya sa sifana da bututu ya ɗaure kusar tamau. Ana sauke motar, nauyi ya danna, robar ta murɗe tun ba a tashi injin ba, kuma a haka za ta zauna dare da rana. Rami kaɗan ya isa ya ƙarasa ta. Ƙa'ida ita ce a kama kusar sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan girgiza ta, sannan a shiga ƙarƙashi a ɗaure. Ba raini ba ne ka ce wa maigidan garaji, "Maigida, don Allah a sauke ta tukuna kafin a ɗaure." Haka ma ɗabi'ar zuba baƙin mai a bushin don ya daina kuka: yau zai yi shiru, gobe man ya cinye shi. Bushin da ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota kuwa yana iya fitar da mutum daga daji, amma bai manne da ƙarfe ba, bai kamata a ɗauke shi madadin na asali ba.

Motar da ke yini a jigawa da gargada, a bar mata roba mai kyau a hannayen ƙafar gaba. Idon sifirin na baya da sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, nan poliyuretan zai iya biyan kuɗinsa, muddin za a riƙa shafa masa irin giris ɗin da kamfaninsa ya ce. Malam direba, kafin ka biya, tambayi lambar taurinsa da sunan wanda ya yi shi. Idan mai shago ba shi da amsa sai "ai ja ne", mayar da kuɗinka aljihu.