Wa Zai Fito a Matsayin Attajiri, Kuma Wa Zai Auna Shi?

Tun watan Nuwamba na 2023, lokacin da labari ya bazu cewa kamfanin A24 na Amurka ya ɗora wa Darren Aronofsky aikin shirya fim a kan rayuwar Elon Musk, bisa littafin da Walter Isaacson ya wallafa a watan Satumba na shekarar, ake jin samarinmu a rumfunan cajin waya, daga Ƙanƙara har Sabuwa, suna ja-in-ja a kan wane ɗan wasa ne ya fi kama da shi, sai ka ce iyakar mas'alar faɗin goshi ce da tsawon haɓa. Alhali kuwa zaɓen wanda zai fito a matsayin mutum hukunci ne a kan mutumin, ana zartar da shi tun ba a ɗora kyamara ba, domin in aka ba ɗan wasan da jama'a ke ƙauna, an riga an nema wa attajirin afuwa a zukatan masu kallo.

An ga haka a kan Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, wanda ya mutu a 2011. Ashton Kutcher, da ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2013, kamarsu har ta ɓaci, amma aikin bai karɓu ba. Michael Fassbender kuwa, da ya fito a na 2015, ba su haɗa kama ba, sai ga shi an sa sunansa a takarar Oscar, saboda marubucin, Aaron Sorkin, ya ɗora labarin a kan abin da mabiya Jobs ba su so a tuna, wato shekarun da ya yi yana inkarin 'yarsa Lisa.

Wannan mizani ba baƙo ba ne a gare mu. Malaman hadisi sun kafa ilmin jarahi da ta'adili, inda ake ambaton adalar mai ruwaya tare da rauninsa ba da nufin cin mutunci ba, kuma tarjamar magabata fanni ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa hidima a Infaƙul Maisuri. Abin takaici, malamai da sarakuna ne suka sami rabo a wannan fanni, fatake da attajirai kuwa aka bar su a bakin maroƙa, waɗanda sana'arsu yabo ce, ba tahaƙiƙi ba.

A dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Idan ana neman mutumin da ya fahimci fasahar zamaninsa ya kafa dukiya a kanta, to ga shi, domin a lokacin da ayarin goro ke share watanni tsakanin Gwanja da Kano bisa jakuna, shi ya gane cewa jirgin ruwa daga Ankara ta Gana zuwa Ikko, da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, sun rushe tsohon lissafin madugai, ya juya ga gyaɗa, ya baza wakilai a ƙauyuka da kuɗi da buhuna, har ana ruwaito cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin banki a Kano. Daga zuriyarsa Aliko Ɗangote ya fito ta wajen uwa. Fim na gaskiya a kansa ba zai tsaya ga dalar gyaɗa da yawan sadaka ba, wajibi ne ya nuna manomin da ya karɓi bashi da damina, ya tsaya da kaka yana kallon allurar sikeli, bai san karatunta ba, kuma ba shi da ikon cewa farashin bai yi masa ba. Duka biyun tarihi ne, wanda ya ɓoye ɗaya ya ci amanar ɗayan.

Mu ma a kudancin Katsina muna da namu babin. Gonar irin auduga ta Daudawa, a ƙasar Faskari, da injin gurzar auduga na Funtuwa, da layin dogon da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sun haifar da dillalai da masu motoci waɗanda suka sauya rayuwar ƙauyukanmu, wasu da alheri, wasu da zalunci a ma'auni, amma sunayensu na bakin tsofaffi kaɗai, tsofaffin da rashin tsaro ya tarwatsa da yawansu zuwa garuruwan da ba a san darajarsu ba.

Kuma ba mu rasa hujjar tsoma baki a kan gadon masu fasahar yau ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda 'yan bindiga na amfani da su, sai ga mai POS zaune da na'urarsa ba aiki, ga mutum ya hau mota zuwa wani gari don kawai ya sanar da ɗan'uwansa rasuwa. Wanda ya ga wannan ya san wayar nan ni'ima ce kuma fitina ce, ya kuma cancanci ya tambayi abin da Starlink na Musk, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, zai haifar a dajinmu.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ta tura matasa da na'urar ɗaukar magana wurin waɗannan dattawa tun bana, ba baɗi ba. Masu shirya finafinan Kano kuma su zauna da iyalan Ɗantata da jikokin manoman da suka sayar masa da gyaɗa, su saurari kowane ɓangare, kafin su fara shawarar wanda za a naɗa wa rawani ya fito a matsayinsa.