Rubuta Wasiyya Ba Ya Kawo Ajali

Tun da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917 ma'aikata ke kwararowa cikinta. Mutum ya gina gida a Kawo ko Unguwar Rimi, danginsa na Katsina ba su san inda takardar filin take ba. Ran da ta Allah ta kasance, sai marayu su yi ta zarya gaban alƙali.

Saboda haka muna roƙonku, malamai da akawuna, kowa ya rubuta dukiyarsa da basussukansa gaban shaidu biyu adilai. A Shari'a, bashi ake fara biya, sa'an nan wasiyya. Ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuwa yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Allah ya sa mu cika da imani, amin.