Takobin Giginya ko na hawan sallah? Yadda ake gane kayan yaƙi na asali a Sakkwato

A tsofaffin gidajen birnin Sakkwato ba a rasa wani abu a ƙasan adaka ko a rataye a zaure: takobi, mashi, guntun sulke, ko lambar yabo ta kakan da ya je yaƙin Bama. Kowanne da labarinsa. Wani a ce da shi aka tari Turawa a Giginya, wani a ce daga Satiru aka tsinto shi.

Yanzu da ake tallar komai ta WhatsApp da Facebook, labarin kan ƙara wa kaya kuɗi. Mai saye yana iya biyan kuɗin tarihi ya tafi da takobin da aka ƙera bara. Magada kuma suna iya sayar da abin da babu irinsa a kan kuɗin cefane.

Tutar da aka san hanyar da ta bi

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Birtaniya suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, a wajen ganuwar birni. Turawa sun kama tutar Sarkin Musulmi, ta kuɓuce musu, suka sake kama ta a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Attahiru ya rasu a fagen daga. A 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Ba tsufan ƙyalle ne ya sa aka yarda da wannan tuta ba. An san inda aka kama ta, an san hannun da ta zauna, an san lokacin da ta dawo. Malaman Sakkwato sun saba da wannan ma'auni a fagen ilimi: kafin a karɓi magana, sai a tambayi wa ya ji daga wa. Haka masana kayan tarihi ke yi wa takobi da lambar yabo. Kayan da ba shi da salsala, ko da tsoho ne, ba za a iya jingina shi ga wani yaƙi ba.

Lambar yabo: a duba gefenta

Lambobin Turawa sun fi sauƙin tantancewa, domin an rubuta sunayen waɗanda aka ba su. Sojojin da suka yi yaƙin Kano da Sakkwato sun samu lambar azurfa mai suna Africa General Service, wadda aka ƙirƙiro a 1902, ɗauke da hoton Sarki Edward na Bakwai. A samanta akwai ɗan ƙarfe mai rubutun "N. Nigeria 1903". Na yaƙin Satiru kuwa 1906 aka rubuta.

A gefen kowace lamba akwai lambar soja, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa. Kundin sunayen yana ajiye a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a Landan. Idan sunan da ke gefe bai dace da kundin ba, akwai magana.

Masu jabu kan goge sunan asali su zana wani. Gugar takan rage kaurin gefen, don haka faɗin lambar, wanda ya kamata ya zama milimita 36, yakan ragu ta ɓangare ɗaya. Ta asali bugawa aka yi da inji, rubutunta ya fito ras. Ta jabu galibi zubi ce, za a ga ƙananan ramuka a jikinta, fuskar sarkin ta yi dishi-dishi. Haka nan azurfa ba ta bin maganaɗisu.

Tauraron Bama ba shi da suna

Dubban 'yan Arewa sun yi Yaƙin Duniya na Biyu a runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuma masu biyu a gicciye kan gammo. Barikokin Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya duk daga wannan yaƙi suka samo suna.

An ba waɗannan mazan jiya Tauraron Bama, mai tsini shida, da ƙyalle mai launin ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Sai dai Birtaniya ta raba shi ba tare da ta zana sunan kowa ba, kuma an buga shi da yawa. Tauraron kaɗai ba zai faɗi ko na wane ne ba.

Abin da ke ba shi daraja shi ne takardar sallamar sojan, littafin albashinsa, hotonsa da kaki, ko wasiƙar da ya aiko gida. Iyalin da suka sayar da tauraro suka bar takardu gara ta ci, ko suka raba su tsakanin magada, sun yanke salsalar da hannunsu.

Bajon hula ma yana da shekara. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897 ana kiran ta WAFF. Sai a 1928 aka ƙara mata harafin R, ta koma RWAFF. Duk wanda ya kawo bajo mai hoton bishiyar kwakwa da haruffan RWAFF ya ce na Giginya ne, ya yi kuskuren shekara 25.

Takobi da sulke

A nan aikin ya fi wuya, domin maƙera ba su daina ƙera takubba ba. Ana buƙatar su a hawan sallah da naɗin sarauta, kuma 'yan watanni a cikin ƙasa mai danshi sun isa su sa sabon ƙarfe ya yi tsatsa. Tsatsar kwanan nan ja ce, tana kankaruwa ta ɓata hannu. Ta shekaru baƙa ce, ta kama jikin ƙarfen.

Ruwan takubba da yawa na ƙarni na 19 daga Turai aka kawo su ta hamada, musamman daga garin Solingen na Jamus. Amma tambarin Turai a jikin ruwa ba hujja ba ce, domin maƙeran gida sun daɗe suna kwaikwayon alamun, musamman na jinjirin wata biyu. Sannan ana sauya ƙota da kube idan sun lalace, saboda haka sabon kube ba ya nufin sabon takobi.

A sulke, masana kan duba yadda aka rufe zobban. Waɗanda aka dinga haɗe bakinsu da 'yar ƙusa ɗaya bayan ɗaya sun fi nuna tsohon aiki fiye da waɗanda aka lanƙwasa kawai. Masanin tarihi A.D.H. Bivar ya yi irin wannan bincike kan makaman fadojin Arewa a littafinsa Nigerian Panoply na 1964.

Abin da doka ta ce

Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ta hana cinikinsa sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da shi waje ba tare da izini ba. Ke nan takobin da ya tabbata na Giginya ne ba hajar da za a aika wa wani a Turai ba ce.

Mai irin wannan kaya a Sakkwato yana da inda zai fara: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, inda ake ajiye makamai da rubuce-rubucen Daular Usmaniyya, ana iya kwatanta nasa da nasu.

Kafin nan, kada a goge shi da yashi ko toka don ya yi ƙyalli, domin gugar na tafiya da shaida. A ɗauki hotonsa ta kowane gefe. A zauna da dattijon da ya fi kowa sanin labarinsa a gidan, a naɗi muryarsa a waya, a rubuta wanda ya mallake shi da farko da waɗanda suka gaje shi, a ajiye takardar wuri ɗaya da kayan.