Kalmar "Haraji" da Muhawarar Harajin VAT a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi sunayen da ake ba harajin VAT a Hausa, domin nuna cewa sunan da aka zaɓa yana tasiri a kan yadda mai sauraro ke fahimtar muhawarar da ake yi game da shi.

2.0 Harajin da Ake Gani

Hausa ta aro kalmar "haraji" daga Larabci, inda asalinta ke nufin abin da ake karɓa a kan ƙasar noma. A kunnen Bahaushe kuwa, haraji kuɗi ne sananne da ake yanka wa baligi a shekara. Mai unguwa ya tara, dagaci ya miƙa wa hakimi, a kai baitulmali, a ba mai biya takarda. Haka jangali yake, ana ƙirga shanu a gaban mai su. Tun da mai biya ya san adadin, ya kuma san mai karɓa, yana iya tambayar abin da aka yi da kuɗinsa. Irin wannan tambaya ce ta zama siyasa, har gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979.

3.0 Harajin da Ba a Gani

An kafa VAT da Doka ta 102 ta 1993, aka fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Masana'anta da dillali da mai kanti kowa yakan ɗora shi a kan farashi, ya cire wanda ya riga ya biya, ya miƙa wa hukuma ragowar. Nauyin duka a kan mai saye na ƙarshe yake sauka. Wanda ya sayi kayan naira 10,000 ya biya naira 750 a kai, amma a kasuwar da ba a ba da rasit, abin da zai ce shi ne kaya sun yi tsada.

A nan ne suna ke da muhimmanci. Kafofin watsa labarai sukan ce "harajin kayan masarufi", alhali tun dokar 1993 an keɓe abinci na yau da kullum da magunguna da littattafai daga biyansa, wato ainihin abin da Bahaushe ke kira masarufi. Fassarar "harajin ƙarin daraja" ta bi Ingilishi sau da ƙafa, sai dai ba ta gaya wa kowa wanda ke biya ba.

An ga sakamakon haka a taƙaddamar da ta biyo bayan ƙudurorin haraji na Shugaba Tinubu a 2024. Gwamnonin Arewa sun ƙi tsarin rabon da aka gabatar, kamar yadda Jihar Ribas ta yi shari'a a 2021 a kan wa ya cancanci karɓa. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar adadin a 7.5, ta rage kason Tarayya daga kashi 15 zuwa 10, ta ƙara na jihohi zuwa 55. Muhawarar ta fi karkata ga rabo tsakanin gwamnatoci. Batun yadda ake kashe kuɗin bai sami irin wannan zafi ba, kuma da wuya ya samu muddin mai biya bai san shi ne mai biya ba. Suna kamar "harajin mai saye" ya fi dacewa, domin ya ambaci wanda kuɗin ke fita daga aljihunsa, kuma ya bi ƙirar da harshen ya saba da ita a "kuɗin ƙasa" da "kuɗin shiga".