Wuyar Karatun Turanci ga Ɗaliban Sakandare na Ƙasar Sin

Yaron da ya shiga sakandare a ƙasar Sin ba baƙon karatu ba ne. Ya riga ya san dubban alamomin rubutun Sinanci, Turanci kuwa tun daga aji uku na firamare akan fara shi, bisa ga umurnin Ma'aikatar Ilmi na 2001. Duk da haka sau da yawa akan ba shi shafi guda, ya san yawancin kalmomin, amma ya kasa faɗin abin da shafin ke nufi. Al'amarin ba ƙarami ba ne, gama a jarrabawar shiga jami'a da ake kira Gaokao, wadda aka maido a 1977, harshen waje yana da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna.

Tushen wuyar shi ne, yaro yana karanta Turanci da irin idon da ya saba karanta Sinanci. Wannan ya bayyana ta fuska biyu.

Ta fari ita ce sauti. Kowace alamar Sinanci gaɓa ɗaya ce, galibi da ma'anarta, ana kuwa haddace siffarta ɗungum. Haka yaro kan yi wa kalmar Turanci, ya riƙe ta kamar zane, ba ya tsinka ta gaɓa-gaɓa. In ya gamu da wadda bai taɓa gani ba, sai ya tsaya cik. Lalle ya san haruffan boko ta hanyar Pinyin, watau tsarin rubuta lafazin Sinanci da hukuma ta amince da shi a 1958, amma sautinsu dabam ne: a can c ta yi kusa da ts, x kuwa da sh. Malamin da ya ga yadda c ta Hausa ke rikita ɗalibinsa a Turanci zai gane wannan.

Ta biyu ita ce ginin jimla. A Sinanci duk abin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa. Inda Bature da Bahaushe za su ambaci littafi tukuna su ce wanda aka saya jiya, mutumin Sin sai ya gama zancen sayen kana ya ambaci littafin. Saboda haka doguwar jimlar Turanci mai jela da yawa takan ɓatar da yaro, har ya rasa wane ne ya yi aikin. Har wa yau aikatau na Sinanci ba ya sāke kama don nuna lokaci, don haka ido kan tsallake ƙananan ɗafe-ɗafen ƙarshen kalma, alhali su ne ke rarrabe jiya da yau.

Malaman Sin sun raba karatu gida biyu: jingdu, karatun ƙwaƙƙwafi, da fandu, karatun yalwa. Na farkon ya fi rinjaye a aji, inda malami kan ɗauki gajeren nassi ya feɗe shi kalma-kalma. Yana da amfani, amma bai wadatar ba. Paul Nation ya nuna a 2006 cewa mai karatu yana bukatar sanin kalmomi 98 cikin 100 kafin ya fahimci nassi ba da taimako ba, watau iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 ga littafin da ba a sauƙaƙa ba. Haddar jerin kalmomi kaɗai da wuya ta kai yaro can.

Magani uku ne. A koya wa yaro haɗa harafi da sauti har ya iya furta baƙuwar kalma. A horar da shi ya nemo mai aiki da aikatau kafin ya kula da sauran jimla. Sa'an nan a ba shi littattafai masu sauƙi da yawa, irin waɗanda Michael West ya tsara wa yaran Bengal a shekarun 1920, inda sabuwar kalma ke zuwa jefi-jefi, ana maimaita ta. Na ukun nan ne ya fi wuya ga malami, don jarrabawa tana matsa masa, amfanin fandu kuwa ba ya fitowa cikin mako guda. Amma in ba a keɓe masa lokaci cikin jadawali ba, yaro zai fita makaranta ya iya fassara jimla, bai iya karanta littafi ba.