Ko Kun Sani? Danne Tsirkiyar Jita Ba Aikin Ƙarfi Ba Ne

Ko kun san cewa abin da ke sa masu koyon jita da yawa su jingine ta shi ne salon da makaɗa ke kira bar, inda yatsa manuniya ke kwanciya a wuyan jita ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya? Galibi da haɗin sautin da ake kira F ake farawa, a gaɓar farko ta wuyan jita, alhali nan ne ya fi wahala, domin kusa da kan jita tsirkiya ta fi taurin dannuwa. Wanda ya kai hannunsa gaɓa ta biyar, ya ɗan karkata manuniyar ta danna da gefenta mai ƙashi, dab da ƙarfen gaɓar, babban yatsa kuwa yana tokare a bayan wuyan, zai ji sautin ya fito tas ba tare da hannu ya sage ba. Shi ya sa nake ganin matsalar ta zaman hannu ce, sai kuma jitar da tsirkiyarta ta yi nisa da wuyan, wadda mai gyara zai iya saukarwa.

Wasu za su ce ai akwai kafo, maƙallin da ke danne tsirkiyoyin a madadin yatsa. Haka ne, amma kafo wuri ɗaya yake zama har waƙa ta ƙare. Yatsa kuwa tafiya take yi: tsarin yatsu guda ɗaya ne ke ba da F a gaɓar farko, G a ta uku, A a ta biyar. Mai koyo, fara daga ta biyar, ka riƙa komowa baya gaɓa-gaɓa har ka kai F.